Gyaran Wani Tsohon Keke Raleigh a Garwa: Nazarin Lamari

Keken da wannan nazari ya shafa ƙirar Raleigh ne, baƙi, mai taya 28 da birkin sanda. Mai shi tela ne a unguwar Hausare ta birnin Garwa da ke arewacin Kamaru, ya gaje shi daga mahaifinsa wanda ya sayo shi a Yola zamanin yana fataucin goro, keken kuma ya daɗe jingine a ɗakin shirgi tun da baburan ƙasar Sin suka cika gari. Tsadar mai ce ta sa aka waiwaye shi. A watan Fabrairun 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, a ƙarshen watan Mayun shekarar Najeriya ta cire tallafin mai, sai man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin sumogal daga Najeriya da arewacin Kamaru ya dogara da shi, ya yi tashin gwauron zabo, a Fabrairun 2024 kuma lita ta koma 840. Telan yana kai ɗinkakkun kaya kasuwar Pitowa kowace Lahadi, tafiyar kimanin kilomita 15, yana kuma da gona a bayan gari, saboda haka ya ɗauki keken ya kai wa wani dattijo mai gyara, abokin mahaifinsa, da sharaɗin a yi aikin da tsofaffin kaya da abin da za a iya ƙerawa a gari, a rage sayen sabo iyakar iyawa.

Dattijon bai taɓa ko noti ɗaya ba sai da ya tabbatar da asalin keken. Tambarin farin ƙarfe mai kan zalɓe da ke gaba yana ɗauke da sunan garin Nottingham na Ingila, inda aka kafa kamfanin a 1887, amma tambari abu ne da ake cirewa a maƙala wa kowane keke, don haka ya duba abubuwan da ba a saurin kwaikwaya: siffar zalɓe da aka huda a faifan sarƙa, da kafaɗar fok mai kama da guntun bututu da murfi a kowane gefe. Duk sun cika. Ɓarnar da ya lissafa kuwa ba ta da kaɗan. Rim na baya ya ci tsatsa har ya huje, fatar sirdi ta tafi an maye gurbinta da roba, sandar birkin baya babu, kariyar ɗaukar kaya ta karye, hannun feda na hagu yana lilo, kofin boris na cibiya, wato gidan da ke ƙasan firam inda feda ke juyawa, shi kuma ya shiga a karkace. Lura da wannan jeri zai nuna cewa tsufa da ajiya sun yi nasu, amma mafi munin lahanin daga hannun masu gyaran baya ya fito, waɗanda suka riƙa cusa wa keken kayan da ba awonsa ba.

Ba sakaci kaɗai ne ya jawo haka ba, yanayin kasuwar Garwa ma ya taimaka. Garin yana zaune ne inda awo iri uku suka haɗu. Ta hanyar Yola da Mubi kekunan Ingila da na masana'antar Raleigh ta Kano suka shigo da awon inci, ta hanyar Duwala kekunan Faransa irin su Peugeot suka zo da awon milimita, daga baya kuma Phoenix na Shanghai da Hero na Indiya suka mamaye kasuwa, musamman bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kayan Turai suka fi ƙarfin talaka. Kofin cibiya na yawancin kekunan Ingila, da mafi yawan waɗanda ake sayarwa a shago yau, yana da zare, wato tsagin da ake murɗa shi a kai kamar na noti, guda 24 a kowane inci. Na Faransa faɗinsa milimita 35 ne, tsakanin zare da zare milimita 1. Raleigh kuwa ya yi gaban kansa, ya riƙe zare 26 a inci a cibiya da wuyan keke. In an jera kofunan uku a kan tabarma ido ba zai bambanta su ba, kowanne kuma zai shiga zagaye biyu ko uku kafin ya cije, a daidai wannan gaɓar ne mai gaggawa yake ɗauko babbar sifana ya gama da ƙarfi.

An fara da gangar jiki, domin in ta lalace sauran aikin asara ce. Bayan an kwance komai, dattijon ya ɗaura zaren ɗinki daga mariƙin tayar baya na dama, ya zagayo da shi ta wuyan keke, ya dawo mariƙin hagu, sannan ya auna ratar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi a ɓangarorin biyu. Ratar ta zo daidai, alamar firam bai murɗe ba. Ya shafa ƙasan bututun gaba, kusa da wuya, yana neman ƙullutun da karo kan bari, bai samu ba. Tsaga ɗaya aka gani, a ɗan ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya, aka kai wa mai waldar kabaid ya like ta da farin ƙarfe. Dattijon ya hana a yi da waldar lantarki, kuma yana da gaskiya, saboda bututun keke siriri ne, masana'anta ma da farin ƙarfe ta haɗa gaɓoɓinsa, zafin lantarki a hannun wanda ya saba da ƙofofi da tagogi yakan ƙona shi ya bar wurin da gautsi.

Cibiya ce ta ci mafi yawan lokaci da tunani. Kofin dama, mai zaren hagu, na asali ne kuma lafiyarsa ƙalau, sai aka bar shi a wurinsa aka wanke da kananzir. Kofin hagu na zare 24 ne da wani ya tura da ƙarfi, da aka fitar da shi sai aka ga ya tauna zaren farko na gidan, ya bar na ciki. Shawarar da ta fi sauƙi, wadda wani maƙwabcin rumfa ya kawo, ita ce a mai da kofin a ɗige shi da walda, keke ya tashi yau. Wannan hanya tana aiki na ɗan lokaci, amma ranar da boris ya ci babu halin kwancewa, ke nan an yanke wa keken ranar mutuwa. Dattijon ya tura yaronsa wajen masu gwangwan, ya ce ya nemo gawar Raleigh, ko Rudge, ko Humber, domin kamfanin ya sayi Humber a 1932 da Rudge a 1943, waɗanda aka ƙera a Nottingham bayan haka zarensu ɗaya. Aka yi sa'a aka samu firam ɗin Rudge da mota ta taka, mai siffar tafin hannu a faifan sarƙa, cibiyarsa ba ta taɓu ba, aka kuma samu wani kofin Raleigh da cikinsa ya riga ya cinye. Wannan cinyayyen kofi shi ya zama kayan aiki: aka yanka masa tsagi uku a kan zarensa da dutsen injin wasa wuƙa, aka shafa masa baƙin mai, dattijon ya riƙa murɗa shi da yatsu rabin zagaye gaba, kwata baya, yana fitar da shi yana share ɓarɓashin ƙarfen da ya taru a tsagin da tsinken tsintsiya. Da zaren ya miƙe, kofin Rudge ya shiga da hannu kawai har ƙarshe. An bar shaf na asali, wato ƙarfen da ya ratsa cibiya yake riƙe da hannayen feda, domin gidan cibiyar Raleigh ya fi na sauran kekuna faɗi, kusan milimita 71 maimakon 68, shaf ɗin kasuwa yakan gaza. Boris kuwa sabo aka saya, na kwatan inci, 11 a kowane gefe. A nan dattijon bai saurari maganar tsimi ba, ya ce tsohon boris ko ya yi ƙyalli ya riga ya daina zama mulmulalle, shi ne kuma zai ci kofin da aka sha wahalar nema.

Lilon hannun feda ma daga saɓanin awo ya fito. Kota, wato guntun ƙarfe mai gefe ɗaya a fiƙe da ke ɗaure hannun feda da shaf, kaurinta a kekunan Ingila milimita 9.5 ne, a na Faransa 9. Wadda aka tarar ta Faransa ce, an naɗe ta da yankin gwangwanin madara don ta cika rami. Aka sayo masu 9.5 guda biyu, aka goge gefensu da magagari daidai wa daida, aka sa su suna fuskantar saɓanin juna domin hannayen feda su miƙe a layi ɗaya. Wajen bugawa an tokare hannun fedar da guntun bututu daga ƙasa, don nauyin guduma ya sauka a ƙasa, kada ya lotsa sabon boris. Noti aikinsa riƙewa ne kawai, wanda ya nemi ya ja kota da shi zai tsinke zarenta.

A kan taya ne telan ya yi asararsa ta farko. Tun kafin a gama cibiya ya ga tayar gwanjo mai kyau daga Turai, an rubuta 28 a jikinta, ya saya da murna, amma ta ƙi hawa ko da ƙarfen faci. Dalili shi ne 28 iri biyu ce. Ta tsofaffin kekuna masu birkin sanda bakin cikinta milimita 635 ne, ana rubuta ta 28 x 1 1/2 ko 40-635, ta kekunan Turai na yanzu kuwa 622 ce, ratar milimita 13 kuma babu dabarar da ke cike ta. Rim na baya daga wani mataccen Phoenix aka samo shi, domin masu ƙera shi tsarin Ingila suka bi, faɗinsa 635 ne, hujinsa 40, daidai da hob na baya, wato tsakiyar taya inda sifoki ke maƙalewa, na gaba kuma 32. Rim mai huji 36 da ke jikin kekunan gwanjo ba zai saƙu da wannan hob ba. Aka saƙa da sababbin sifoki masu kauri, aka kifa keken aka daidaita da alli, ana juya taya ana matso da allin har ya taɓa inda ya yi tudu. Birkin sanda yana jan robarsa sama ne ta shafi cikin rim, ba gefensa ba, saboda haka zagayen rim ya fi miƙewarsa muhimmanci, in akwai tudu ko kwari birki zai riƙa kamawa yana saki. Akwai kuma wata ɗabi'ar hob ɗin gaba na Raleigh da yaran yanzu ba su sani ba: ba shi da notin kulle, dole a sa ɓangaren da ake daidaitawa a hagu, in aka juya shi zai ɗaure kansa a kan hanya ya murƙushe boris. Telan da kansa ya ɗinka ƙyallen da ke rufe kawunan sifoki, aka kuma yanke bakin tsohuwar taya aka shimfiɗa ta cikin sabuwa saboda tsidau da ƙayar aduwa na hanyar gona. Hakan yana ƙara nauyi, amma yana rage zuwa wajen mai faci.

Birki bai ba da wahala ba. Sandar birkin baya ta wani babur da aka yi watsi da shi ta zo da zarenta da notinta, maƙeri ya rage tsawonta ya lanƙwasa bakinta, ta zauna kamar don wurin aka yi ta. Robar birki daga tsohuwar tayar babbar mota aka yanko, aka cusa a gidajenta na asali, rufaffen bakin gidan yana kallon gaba don juyawar rim kada ta fizge robar.

Sirdi ya buƙaci hannu uku. Ƙarfensa da sifirin ɗinsa sun tsira, fata kaɗai ake nema, kuma ba kowace fata ba. Majeman Marwa sun yi suna wajen jima da bagaruwa, sai dai mafi yawan abin da suke fitarwa mai laushi ne, na jaka da takalmi da matashi, irin wannan kuwa in aka ɗora wa sirdi zai lotse cikin wata guda. Baduku ya nemo ƙirgin sa mai kaurin kusan milimita 5, ya yanka daga gadon baya inda fata ta fi tsauri, ya guji ta ciki mai miƙewa. Masassaƙi ya sassaƙa kututture da siffar sirdi, badukun ya jiƙa fatar har ta daina fitar da kumfa, ya ja ta a kan itacen ya kafe gefenta da ƙananan ƙusoshi, ya bar ta ta bushe a inuwa, domin ranar Garwa ta watan Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40, za ta tsattsaga ta. Ƙusoshin da suka riƙe ta da ƙarfe daga guntun wayar jan ƙarfe aka yanka, aka buga kawunansu suka baje suka kwanta don kada su yagi wando. Ya huda gefe biyu na ƙasa ya ɗaure su da tsirkiya, abin da ke hana sirdi buɗewa. Telan ya so a shayar da fatar man kaɗanya sosai, badukun ya shafa ɗan kaɗan ta ƙasa ya tsaya, saboda mai in ya yi yawa laushi yake kawowa, laushi kuma shi ne ciwon sirdin fata.

Saɓani na gaske ya taso ne a kan kariya. Telan yana son ta rodi mai kauri, wadda za ta ɗauki buhun masara daga gona, kamar yadda yake gani a kekunan masu itace da gawayi. Dattijon ya ce masa: "Ɗana, kariyar za ta ɗauka, amma gatarin baya da sifoki ne za su biya." Telan ya ce: "To Baba, a yi yadda ka gani, amma a ba ta faɗin da zai ɗauki ƙunshin kaya." Aka yi ta da siririn rodi mai santsi, mai faɗi, ƙafafu biyu a kowane gefe suna sauka kan gatari, aka daidaita a kan cewa buhu rabi-rabi za a riƙa ɗaukowa. A ganina wannan shi ne hukunci mafi amfani a dukan aikin, domin mai walda yana iya ƙera abin da ya fi keken ƙarfi, kuma duk abin da ya fi keke ƙarfi wani wuri yake tura karaya. Saboda kayan aka canza giya. Faifan gaba haƙori 46 ne, firiwil na baya 18, wanda ke ba da kimanin mita 5.7 a kowane zagayen feda. Da aka sa mai haƙori 22 sai ya koma kimanin mita 4.7, gudu ya ragu, amma tashi da kaya da ratsa rairayi sun yi sauƙi. Tsohuwar sarƙa da aka auna ta zarce inci 12 da fiye da kashi ɗaya cikin takwas na inci a tsawon da ya kamata ya zama 12 cif, don haka ita da firiwil sababbi aka saya, domin miƙaƙƙiyar sarƙa cin haƙora take yi.

An jiƙa ƙananan ƙarafa masu tsatsa a ruwan tsamiya, aka goge kan keke da takardar alminiyum, aka wanke aka shafa mai nan take, don tsami in ya kwana sabuwar tsatsa yake jawowa. Firam da madigadi an goge su da sanfefa aka fesa baƙin fentin mota da sassafe, a cikin zaure da aka yayyafa wa ruwa saboda ƙura, bayan an rufe tambarin zalɓe. Telan ya yi niyyar naɗe firam ɗin duka da leda mai launi, kamar yadda aka saba, dattijon ya nuna masa yadda irin wannan naɗi ke riƙe ruwa ya ɓoye tsaga, sai aka taƙaita ado a kan mariƙin hannu na jar fata da baƙa, da 'yar jakar sifana a bayan sirdi. Tsohuwar dinamo ta mutu, amma kwanon fitilar yana nan, wani yaro mai gyaran waya ya sa masa ƙwan tocila na zamani, da batirin litiyum ɗaya mai bolt 3.7 daga tsohuwar kwamfutar hannu, da allon caji na mataccen abin cajin waya. An sa batirin a jakar sirdi inda ake iya zare shi, domin barin litiyum cikin kwanon ƙarfe a tsakar rana haɗari ne.

Da aka yi lissafi, kuɗin da aka kashe ya kusa na keken gwanjo mai giya, kuma mafi yawansa a kan sababbin kaya ya tafi, wato taya da tib da sifoki da sarƙa da boris. Ladan maƙeri da baduku da masassaƙi da mai walda, duk a haɗe, bai kai haka ba. Telan ya ƙi keken gwanjo ne saboda siraran rim ɗinsa na alminiyum da giyar da ba a samun kayanta a Pitowa in ta lalace, ban da cewa wannan na mahaifinsa ne.

Bayan damina guda an sake duba keken. Kota ta buƙaci a ƙara buga ta a makon farko, abin da aka sa rai. Tayar baya ta ɗan goce aka ƙara ɗaure sifoki. Sirdi ya sauka kaɗan bayan ruwa ya dake shi, aka ja notin hancinsa, telan kuma ya ɗinka masa riga ta leda. Abin da bai warware ba shi ne birki a cikin ruwa, domin robar tayar mota tana da tauri, a kan jiƙaƙƙen rim na ƙarfe kuma sai taya ta yi zagaye da yawa kafin ta kama. Badukun ya liƙa siririyar fata a fuskar robar, an samu sauƙi, amma fatar tana saurin cinyewa, dole a riƙa sauya ta. Kofin hagu bai motsa ba ko da yake zaren da ke riƙe da shi bai kai na asali yawa ba. Masana'antar Nottingham ta daina ƙera keke tun 2002, kofin zare 26 kuma ba a cika ganinsa a shagunan Garwa ba, saboda haka dattijon ya cire kofin dama da shaf da kayan wuya daga gawar Rudge ɗin, ya shafe su da giris ya ƙulle a leda ya ba telan ya ajiye, ragowar firam ɗin kuma aka mayar wa masu gwangwan a kan kilo.